Zane A Kan Ƙarfe: Kayan Aikinsa Da Hanyar Koyonsa



Gabatarwa

Watakila wasu daga cikinku za su yi mamaki, su ce me ya haɗa malamin Hausa da maƙera, har zai tsaya gaban jama'a yana maganar kurfi da magagari. Dalili kuwa shi ne, kalmomi a bakin masu sana'a su ke rayuwa. Ran da sana'a ta mutu, kalmominta su kan bi ta kabari, sai dai a tarar da su a ƙamus, ba mai sanin abin da su ke nufi. Saboda haka duk wanda ya damu da harshe, tilas ya damu da sana'a.

Sana'ar da zan yi magana a kanta yau ita ce zane a kan ƙarfe da hannu. Kusan kowa a ɗakin nan yana ɗauke da ɗanta ko jikanta a aljihu. In ka fito da takardar naira ɗari biyar ko ta dubu, ka shafa yatsa a kan hoton da ke jikinta, za ka ji ɗan tudu-tudu. Tawada ce da aka ɗebo daga cikin ƙananan ramukan da ke jikin farantin ƙarfe, aka danna ta a takarda. Abin da na ke so in nuna shi ne, wannan sana'a da ta kai ga kuɗi da kan sarki da hatimin sarakuna, jarinta kaɗan ne ƙwarai. Abin da ta ke bukata da yawa shi ne washi, da haƙuri, da malami.

1. Mene Ne Zanen Ƙarfe?

Mu Hausawa mu kan kira kowane ado da ke jikin ƙarfe da sunan zane, alhali kuwa hanyoyi uku ne daban-daban, kuma kowace da kayan aikinta.

Hanya ta farko ita ce bugu. Maƙeri zai ɗora dakusasshen kurfi a kan ƙarfe, ya riƙa bugunsa da 'yar guduma, ƙarfen ya lotsa, ya bi siffar da a ke so. A nan ba abin da ya ragu daga jikin ƙarfen, ture shi kawai aka yi gefe ko ƙasa. Yawancin adon da ke jikin faranti da butoci da tasoshin tagulla na Bida ta wannan hanya a ke yinsa.

Hanya ta biyu ita ce cin ruwa. A shafe ƙarfe da kaki, a zana abin da a ke so da tsinke, sa'an nan a tsoma shi cikin ruwan asid. Ruwan zai ci wuraren da tsinke ya buɗe, ya bar inda kaki ya rufe. Da wannan hanya Rembrandt, mutumin Holan (1606 zuwa 1669), ya yi suna.

Hanya ta uku, wadda ita ce maganarmu, ita ce yanka. Mai zane zai tura kaifin ƙarfe mai tauri cikin wani ƙarfe mai laushi, ya feƙe siririn zare daga jikinsa, ya bar layi mai sheƙi. Alamar da za ka gane ta da ita ke nan: in ka ga zaren ƙarfe yana nannaɗewa gaban kaifi yana faɗuwa, to, yanka a ke yi. Wannan ɗan ƙarfe mai kaifi Faransawa suna kiransa burin. Maƙeranmu su kan sa shi cikin dangin kurfi. Ni a wannan lacca zan kira shi alƙalamin ƙarfe, domin aikin alƙalami ya ke yi, kuma kamar alƙalamin kara, kyan rubutunsa yana ga kyan fiƙarsa.

2. Ɗan Tarihi

Sana'ar tsohuwa ce, kuma a ko'ina daga hannun maƙeran fari ta fito, watau masu aikin azurfa da zinariya da tagulla. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi masa zobe na azurfa, aka zana rubutu a kansa, domin buga hatimi a wasiƙun da ya ke aika wa sarakuna. Daga baya birane kamar Mausil da Dimashƙu da Alƙahira suka shahara da kayan tagulla masu zane da rubutu. A gidan ajiye kayan tarihi na Biritaniya da ke Landan akwai wata buta da Shuja'u ɗan Man'a ya ƙera a Mausil a shekarar 1232, sunansa da shekarar suna rubuce a jikinta. A ƙasarmu ma wasiƙun Shehunan Borno da na Sarakunan Musulmi suna ɗauke da hatimi, hatimi kuwa sai an sami wanda ya iya zana rubutu a juye.

A ƙasar Turai, wajen shekarun 1430, maƙeran fari na Jamus suka gane cewa in aka cika zanen da tawada, aka goge saman farantin, aka danna takarda mai danshi a kai, hoton zai fito. Martin Schongauer, wanda ya rasu a 1491, da Albrecht Dürer (1471 zuwa 1528), dukansu 'ya'yan maƙeran zinariya ne, a gaban iyayensu suka fara riƙe alƙalamin ƙarfe. Sa'ad da Ingila ta fitar da kan sarki na farko a duniya a watan Mayu na 1840, da hannu aka zana kan Sarauniya Biktoriya a jikin ƙarfe. A ƙarnin da ya wuce an yi wani mutumin Folan, Czesław Słania (1921 zuwa 2005), wanda ya zauna a Suwidin, shi kaɗai ya zana kan sarki fiye da 1,000.

Kusa da gida kuwa, a Agadas, maƙeran Buzaye da a ke kira inadan su ne gwanayen yanka. Su kan siffanta abin wuya da kaki, su lulluɓe shi da yumɓu, su narkar da kakin ya fita, su zuba azurfa a gurbinsa. In ya huce sai su gyara shi da magagari, sa'an nan su zana shi da hannu. A da, azurfar da su ke narkarwa yawanci riyalin Mariya Tereza ne, wanda nauyinsa giram 28 ne, kuma duk wanda aka buga bayan rasuwarta shekarar 1780 ce a jikinsa. Ke nan wanda ya ke son koyo ba sai ya haye teku ba.

3. Kayan Aiki

Na farko shi ne alƙalamin kansa. Siririn ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, kaurinsa milimita 2 zuwa 3, tsawonsa har da ƙota kamar santimita 10 zuwa 12, gwargwadon hannun mai shi. Ƙotar ta itace ce, kamar rabin goruba, a kan kuma shafe ƙasanta don kada ta taɓa aikin. Ma'aunin tsawo shi ne, in ƙotar ta zauna a tafin hannu, kada tsinin ya wuce kan babban yatsa da yawa.

Bakin alƙalami iri-iri ne. Akwai mai kusurwa, wanda ke yanka layi mai siffar kwari, shi ne uban tafiya, da shi a ke rubutu da yawancin zane. Akwai mai faɗin baki, na share fili da yin zanen lanƙwasa. Akwai mai zagayen baki, na ɗige-ɗige da layi mai kauri. Akwai mai bakin wuƙa, na layi siriri kamar gashi. Akwai kuma mai haƙora, wanda ke jan layuka da yawa a tafiya ɗaya. Mai koyo ya fara da mai kusurwa guda ɗaya tak, in ya daɗe ya ƙara mai faɗin baki.

Kamfanoni suna sayar da su da ƙarfe iri uku: ƙarfe mai tauri na gargajiya irin na magagari, da wani da ya fi shi jure zafi, da kuma kabayid, wanda ya fi duka tauri amma yana da saurin ɓantarewa, kuma sai da dutsen lu'ulu'u a ke wasa shi. Wanda ba shi da halin saye, tsohon ƙaramin magagari ya ishe shi. A share haƙoransa, a fitar da siffa, a sa shi a wuta har ya yi ja, watau wajen digiri 800, a tsoma shi a ruwa ko mai. A nan ya yi tauri, amma ya yi gautsi kamar kwalba. Sai a goge shi ya yi fari, a sake ɗumama shi sannu a hankali har ya ɗauki launin busasshiyar ciyawa, wajen digiri 220 zuwa 230, a sake tsoma shi. In aka bari ya kai shuɗi, ya yi laushi, sai a sake daga farko. Kowane maƙerin baƙi ya san wannan aiki, ko da bai san lissafin digiri ba.

Na biyu, dutsen washi. A kan bukaci biyu, mai ɗan kaushi na fitar da siffa, da mai santsi na gamawa. A Turai da Amurka an fi sanin wanda a ke kira dutsen Indiya, da wanda a ke haƙowa a jihar Akansas ta Amurka, dukansu da ɗan mai a ke aiki da su. Sharaɗin dutse shi ne ya zama shimfiɗaɗɗe sarai. Dutsen da cikinsa ya rame saboda wasa wuƙa ba zai yi ba.

Na uku, abin riƙe aiki. Mafi sauƙi shi ne matashin fata mai kama da gammo, cike da rairayi, wanda kowane baduku zai iya ɗinka maka. A kansa a ke ɗora faranti a riƙa juya shi. Ƙananan abubuwa kamar zobe ko lamba a kan manna su a kan guntun itace da kwalta wadda aka haɗa da garin bulo da ɗan kitse. Masu hali su kan sayi matsi mai siffar ƙwallo, mai nauyi, wanda ke juyawa ta kowace fuska a kan zoben fata ko roba.

Na huɗu, ƙananan kaya: tsinken ƙarfe na shata zane, kamfas na awo da da'ira, farin fenti na ruwa ko ɗan kaki da a ke shafawa don fensir ya kama, makankari na cire ƙayar da kaifi ya bari a gefen layi, magogi mai santsi na shafe ƙananan kurakurai, da madubi mai ƙara girma. Sai haske mai kyau, wanda zai zo daga gefe, domin a cikin sheƙin layi mai zane ke ganin zurfinsa.

Na biyar, ƙarfen gwaji. Jan ƙarfe ya fi dacewa da mai koyo saboda laushinsa da araharsa. A yanka shi ƙanana, kamar santimita 5 kowane gefe, kauri milimita 1 zuwa 2, a goge shi ya yi sumul. Tagulla, wadda haɗin jan ƙarfe ce da tutiya, ta fi shi tauri, sai hannu ya faɗa. Azurfa tana da daɗin yanka, amma ba a koyo a kan dukiya.

4. Washi

In za ku manta da duk abin da na faɗa yau, kada ku manta da wannan sashe. Yawancin waɗanda suka fara suka bari, dakusasshen alƙalami ne ya kore su, su kuwa suna zaton hannunsu ne ba shi da baiwa.

Bakin alƙalami yana da fuska da dunduniya. Fuska ita ce gangaren da ke gaba, a kan wasa ta a kan kusurwa mai digiri 45 in jan ƙarfe ko azurfa za a yanka, a ƙara zuwa 50 ko 55 in ƙarfen mai tauri ne, don tsinin ya jure. Dunduniya kuwa 'yar shafa ce a ƙasan tsinin, mai kusurwa kamar digiri 15, gajera ƙwarai, ba ta kai milimita guda ba. Amfaninta shi ne ta ɗaga hannu daga kan aikin, ta kuma ba alƙalamin wurin zama. In ba dunduniya, tsinin zai yi ta nitsewa har ya kafe ko ya karye. In ta yi tsawo, za ta riƙa karce gefen layi a wurin lanƙwasa.

Wajen wasawa, fuskar ta kwanta a kan dutse gaba ɗaya, wuyan hannu ya tsaya cik. Da zarar hannu ya yi lilo, fuskar ta zama ƙulu, kaifi ya tafi. Akwai 'yan na'urori masu riƙe alƙalami a kan kusurwar da a ke so, suna kuwa taimakon mai koyo. Gwaji shi ne a ɗora tsinin a hankali a kan farcen babban yatsa. In ya kama, ya yi. In ya zame, a koma dutse.

Ni kaina na sha wannan darasi. Sa'ad da na ke karatu a Ingila, na shiga wani ajin yamma na koyon zanen azurfa. Dattijon da ke koyar da mu ya sa muka yi darare uku ba mu taɓa faranti ba, sai dutse da mai. Na ƙosa, na ɗauki faranti a ɗakina na fara yanka da alƙalamin da ban gama wasawa ba. Da ya ƙi shiga sai na ƙara ƙarfi, ya zame, ya shige tafin hannuna na hagu. Tabon yana nan. Daga ranar na san ƙa'idoji biyu: dakusasshen kaifi ya fi mai kaifi haɗari, kuma hannun hagu ba ya zama a gaban tsini.

5. Riƙo Da Yanka

Ƙota tana zama a gindin tafin hannu, 'yan yatsu suna rungume ƙarfen daga gefe, babban yatsa yana miƙe a jikinsa yana dafa aikin, shi ne birki. Ƙarfin turawa daga tafin hannu ya ke fitowa. A ɗaga ƙota kaɗan tsinin ya shiga, a sauke ta kaɗan ya daidaita, ya yi tafiya a zurfi ɗaya. In an zo ƙarshe a ƙara saukewa, tsinin ya fito da zarensa.

Babban sirrin shi ne, wajen lanƙwasa, alƙalami ba ya juyawa. Hannun dama yana tsaye wuri ɗaya, hannun hagu ne ke juyo aikin yana kawo shi bakin kaifi, kamar yadda tela ke juya yadi a ƙarƙashin allurar keke. Wannan ne dalilin matashin fata da matsi mai juyawa.

Sirri na biyu shi ne kishingiɗa. In aka kishingiɗar da alƙalami gefe ɗaya, layin zai yi faɗi, in aka miƙar da shi ya sirance. Duk wanda ya yi rubutun allo ya san wannan, domin haka alƙalamin kara ke fitar da kauri da siranta a cikin harafi ɗaya. In kuma an goge dunduniya ta yi santsi kamar madubi, layin zai fito yana walƙiya, salon da ya yi tashe a kan kayan azurfa na Ingila a ƙarshen ƙarni na 18.

Akwai kuma zanen lanƙwasa, wanda a ke yi da mai faɗin baki. A tsayar da shi, a riƙa karkaɗa wuyan hannu dama da hagu ana turawa, sai ya yi tafiya yana barin layi mai kama da haƙoran zarto. Yana da sauƙin koyo, kuma za ku gan shi da yawa a jikin kayan azurfa na Agadas.

Ƙarfe mai tauri, kamar na bindiga ko takobi, ya fi ƙarfin tafin hannu. A nan a kan riƙe kurfi mai doguwar ƙota da hagu, a riƙa bugunsa da 'yar guduma marar nauyi, bugu ƙanana a jere. Da wannan hanya garin Liyej na Beljiyam ya shahara wajen adon bindigogi.

Tsarin koyo kuwa shi ne: layi miƙaƙƙe tukuna, ɗaruruwa, a jere, zurfi ɗaya, tazara ɗaya. Sa'an nan baka, sa'an nan da'ira, sa'an nan nannaɗe irin na dodon koɗi, sa'an nan ganye, daga ƙarshe haruffa. Hatimi shi ne ƙarshen karatu, domin a juye a ke zana shi, ana duba madubi. Tare da wannan duka, mai koyo ya riƙa zane da fensir kullum, don abin da hannu bai iya a takarda ba, ba zai iya shi a ƙarfe ba. Ya kuma ajiye farantansa na gwaji da kwanan wata, su ne za su gaya masa gaskiya. A Ingila ta da, shekara bakwai yaro ke yi a gaban maigidansa. Rabin sa'a kowace rana ta fi yini guda a mako, yau da gobe ba ta bar komai ba.

6. Hannu Da Inji

Tun daga shekarun 1960 aka fara ƙera wata na'ura a Amurka wadda ke amfani da iska tana bugun alƙalami daga cikin ƙotarsa, bugu masu yawa a cikin daƙiƙa guda. Ta rage wahala, ta rage zamewa, ta gajarta lokacin koyo, amma har yanzu hannu ne ke tuƙi, kuma ba ta ɗauke wa kowa washi ba. Daga baya kwamfuta da hasken leza suka zo, su kuwa ba ruwansu da hannu. Yawancin lambobin yabo da allunan buɗe gine-gine da ku ke gani yau aikinsu ne. Har hotunan takardun kuɗi ma, da yawa a kwamfuta a ke tsara layukansu yanzu.

Ba na ƙin inji, yana da sauri da araha. Sai dai ya kamata mai saye ya san abin da ya saya. Duba layin da madubi: na hannu yana farawa siriri, ya yi faɗi, ya sake sirancewa, cikinsa yana sheƙi. Na inji faɗinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, na leza kuma cikinsa dishi-dishi ne kamar ƙuna.

Kammalawa

Jama'a, kun ga kayan: alƙalami ɗaya, dutse biyu, matashin fata, da 'yan guntayen jan ƙarfe. Maƙeri da baduku da masassaƙi na unguwarku za su iya haɗa muku mafi yawansu. Abin da ba a ƙerawa shi ne malami, malaman kuwa tsufa su ke yi. Gwanin da ya rasu ba shi da almajiri, ya tafi da hannunsa da kalmominsa gaba ɗaya.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Ku ma'aikata, ku ne ke ba da aikin lambobi da kofuna da kyaututtukan ban kwana. In irin wannan aiki ya zo teburinku, ku tuna da maƙeran fari, ko da kashi ɗaya cikin goma ne, domin sana'ar da ke ciyar da mai ita ba ta rasa magaji. Ku kuma ɗalibai, musamman na sashen Hausa, in kun je hutu ku zauna a maƙera da littafi da fensir. Ku tambayi sunan kowane kurfi, da sunan kowane zane, da yadda a ke cewa kaifi ya mutu ko ƙarfe ya nuna. Watakila a can za ku tarar da sunan da ya fi alƙalamin ƙarfe dacewa, in kun samo shi ku kawo mini, zan karɓa da murna. Wanda kuma ya ji hannunsa yana ƙaiƙayi, ya roƙi maigidan ya ba shi dutse ya fara.